Mang Oding da Bindigar Rabin Kuɗi

Ranar da Mang Oding, wato Kawu Oding a yarenmu, ya yi shelar zai karya farashin bindiga a garinmu Cipacing, a rumfata ya yi ta, bakinsa cike da soyayyar ayabar da bai tambayi kuɗinta ba. Sunana Iroh, ana ce mini Ceu Iroh, wato Yaya Iroh, ni ke da rumfar kofi a mararrabar unguwar maƙera, saboda haka duk maganar da za ta zama abin kunya a garin nan ni nake fara jin ta tun tana ɗanya.

"Ceu Iroh, ki zama shaida," in ji shi, yana nuna ni da guntun ayaba. "Tsofaffin nan sun daɗe suna yanka mutane ba wuƙa. Mece ce bindigar iska? Bututu ne, da katako, da kunama. A haɗa abu uku a ce miliyan huɗu? Ni nan da kike gani, in na tashi, a rabin haka zan yi ta, har in ci riba."

"To ka tashi mana," na ce. "Bencin nan har ya ɗauki siffarka."

Oding ɗan gari ne, a cikin ƙarar magagari aka haife shi, amma ban taɓa ganin ya riƙe magagarin ya kai tsawon shan sigari ɗaya ba. Sana'arsa tsayuwa a bakin titi, ya tare motar baƙi, ya raka su shago, a ba shi la'ada. Ya ga ana miƙa bindiga, ya ga ana miƙa kuɗi, abin da ke tsakani kuwa bai taɓa tsayawa ya gani ba. Abu ɗaya na yarda ya iya a duniya, shi ne kiwon ragonsa Jagur, wani baƙin rago mai ƙaho kamar an naɗa gammo biyu. Sabulun da yake yi masa wanka da shi ya fi na matarsa Entin tsada. Kullum da safe ƙwai da zuma, ya shafe masa ƙaho da man kwakwa, ya ɗaura masa ƙararrawa a wuya. Entin takan ce in gobara ta tashi a gidansu ta san wanda za a fara fitarwa, kuma ba ita ba ce.

Wanda ya jawo shelar kuwa yana zaune a ɗaya ƙarshen bencin yana huci. Haji Sobur ne, mai gonakin kwakwa daga can kudu, gajere mai tumbi, ba wuyan kirki. Kurege sun addabi gonarsa, bindigogin shago kuma ba sa zama masa a kafaɗa, shi ne ya zo a yi masa tasa daidai jikinsa. Aka kai shi gidan Abah Wiranta, tsohon da ake zuwa wurinsa in ana son irin wannan aiki. Abah ya shiga da shi ciki, ya juya shi gaba ya juya shi baya kamar tela, sannan ya ce miliyan huɗu, a dawo bayan wata uku.

"Miliyan huɗu!" in ji Haji, yana kurɓar kofina. "Kurege zan harba fa, ba jirgin sama ba. Wata uku kuma! Kafin nan kuregen sun aurar da jikokinsu."

Oding ya ja gindi a kan benci har ya manne da shi.

"Ranka ya daɗe, Allah ne ya kawo ka rumfar nan. Miliyan biyu. Kuma ranar bikin 'yancin kai, a filin harbi, a gaban kowa zan damƙa maka ita."

Bikin kuwa ya kusa, an ma fara rataya tutoci. Haji ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai maƙeri ne?"

"Ni? Tambayi Ceu Iroh."

"Ni kofi nake sayarwa," na ce.

Haji ɗan kasuwa ne, ba a yi masa dabo da baki. Ya ce ko rufiya ɗaya ba zai fitar ba sai ya gani da idonsa. "In kuma ba ta yi ba fa? Na zauna jiranka a banza, kurege na can na walima?"

Oding ya bugi ƙirji. "A rataye kwakwa, a yi harbi uku. In ba a same ta ko sau ɗaya ba, ka tafi da Jagur."

Duk 'yan rumfa suka juyo suna kallonsa. Ni kaina sai da na tsayar da cokalin da nake juya sukari.

"Oding," na ce, "Jagur fa ka ce."

"Na ce Jagur, don na san ba inda za shi."

Haji ya nemi a nuna masa ragon, ya je ya gani, ya dawo yana murmushi har kunne. Suka yi musafaha, ya shiga motarsa ya tafi.

Bai daɗe da tafiya ba sai ga Abah Wiranta ya zo shan baƙin kofinsa. Labari ya riga shi zama. Abah ba irin tsofaffin nan masu ɓoye dariya ba ne, in abu ya ba shi dariya sai ka ga haƙoransa uku duka.

"Oding, ka auna mutumin naka?"

"Tun ɗazu. A gabana ya sha kofi. Gajeren hannu, gajeren wuya, mai amfani da dama. Idona ya fi zaren awonku."

"Ka ba shi sanda ya ɗora a kafaɗa ka gani?"

"Sanda! Haba Abah. Irin wannan wasan kuke yi wa baƙi don kuɗi ya ƙaru."

"To madalla," in ji Abah. "Sai dai ka fara rage wa ragon ƙwai tun yanzu, kada ya sha wahala a gidan mutane."

A garinmu ba gidan da ke yin bindiga shi kaɗai. Wani bututu yake hudawa, wani ƙota yake sassaƙawa, wanda ya karɓi aikin shi ke bi gida-gida ya tattaro ya haɗa. Mutanenmu kuma ba su iya cewa a'a ba, ko da wuta ka zo sai an yi maka murmushi an shimfiɗa maka tabarma. A kan wannan Oding ya gina dabararsa: kowa ya je wurinsa zai ce rabin kuɗi, kunya ta hana su ƙi.

Da Mang Ukar mai huda bututu ya fara. Shagon yana kallon rumfata, don haka ba abin da ya wuce ni.

"Rabi?" in ji Ukar. "Ba komai, ɗan'uwa. Rabin kuɗi na huda ne. Miƙewar sai ka yi da kanka."

"Wace miƙewa? Ƙarfe ne fa, ba maciji ba."

"In an huda shi yakan ɗan karkace, ido ba ya gani ta waje. Sai a leƙa ta ciki a kalli haske, a ɗan taɓa, a sake leƙawa. Wani sa'in yini, wani sa'in mako."

"Au, leƙe kuke karɓar kuɗinsa? Ni da nake leƙa motocin mutane kyauta tun safe? Kawo nan."

Daga nan ya wuce gidan Mang Dayat mai ƙota. Dayat da kansa ya ba ni labari, yana share hawayen dariya. Ya ce katako biyu ya ajiye masa. "Wannan tun auren 'yata yake rataye a rufin ɗaki yana bushewa, shi ne na cikakken kuɗi. Wannan kuma na rabi ne, shekaranjiya tsuntsu ke waƙa a kansa."

"Bushewa ai zafi ne kawai," in ji Oding. "Ina da murhu a gida."

Dayat ya sassaƙa masa ɗanyen, ya fitar da tudun da ake jingina kunci a ɓangaren masu dama kamar yadda aka ce masa, ya bar masa guga. Kunama da famfon iska kuma Oding ya ciro daga tsohuwar bindigar surukinsa da ta shekara da shekaru a ƙarƙashin gado. Ya dawo rumfata rungume da kayansa yana tafiya kamar angon da aka kai wa amarya.

"Kin gani? Ko mutum ɗaya bai ce mini a'a ba."

"Na gani," na ce. "Araha dai ba ta ado."

Washegari aka fara miƙe bututu. Oding ya fito da shi tsakar titi don kowa ya shaida, ya ɗaga shi sama, ya rufe ido ɗaya ya leƙa.

"Duhu ne kawai a ciki. Ukar bai huda ba!"

"Ɗaya idon za ka rufe," Ukar ya ɗaga murya daga shago.

Ya canza ido. Ya ce yanzu ya ga karkata ƙarara, ta yi dama. Ba zai ɓata mako yana taɓe-taɓe irin na tsofaffi ba. Ya nufi bishiyar mangwaron da ke bayan rumfata, ya cusa bututun a tsakanin rassa biyu, ya kama ɗaya ƙarshen ya rataya da dukan nauyinsa. Karkatar da ido ba ya gani ta zama wadda makaho ma zai shafa ya ji. Ya juya bututun ya sake ratayawa don ya mayar da shi. Bishiyar ta girgiza, gidan jajayen tururuwa ya faɗo masa a ƙeya.

Wallahi na ga rawa iri-iri a bukukuwa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ya tuɓe riga, ya mari wuya, ya mari cinya, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, zanensa na nema ya bar shi. Maƙera suka ajiye aiki suka fito. Wani ya ɗauko guduma yana buga masa ƙarfe daidai da takunsa.

"Ci gaba, Oding! Wannan ma a cikin rabin kuɗin take?"

Da ya samu kansa, ya ɗauki bututun ya leƙa, idonsa ɗaya a kumbure.

"Ya miƙe," in ji shi.

"Da wane idon ka gani?" Ukar ya tambaya.

"Da na gwani."

Sai batun busar da ƙota. Entin kifin gishiri take soyawa tana kai wa masu abinci, murhunta ba ya mutuwa daga safe har la'asar. Oding ya rataye ƙotar a saman kaskonta ya ce abin da Dayat ke jira shekaru shi zai gama kafin Juma'a. Katakon ya sha hayaƙi, ya sha mai, ya tsage a gefe, ya murɗe. Ran nan kuma igiyar ta cinye, ƙotar ta faɗo da gindinta cikin wuta. Kafin ya ciro, ƙarshen ya zama gawayi. Ya sa zarto ya yanke.

"Dama Haji gajeren hannu gare shi," ya gaya mini. "Allah ne ya yi mini awon."

Ƙamshin kifi kuwa ya shiga katakon ya zauna daram. Duk inda ya bi da ƙotar nan sai kyanwoyin unguwa sun bi shi a jere, wutsiya a sama. Da ya zo da ita rumfata sai da na kore shi, don wata ta hau mini tebur.

Saura baƙanta ƙarfe. Masu wannan aiki suna da tukunyarsu a bayan gari, amma su ma kuɗi suke karɓa, don haka Oding ya sayo garin maganin ya ce shi ma ai ya iya tafasa ruwa. Ya bari sai da Entin ta tafi kai kifi, ya ɗauko babbar tukunyar da take dafa shinkafar biki a ciki. Bututun bai shiga duka ba, sai ya dafa rabi, ya juya ya dafa rabi. Ɗaya ɓangaren ya fito baƙi ƙirin, ɗayan kamar shayi ba madara, tsakiya kuma fari tas. Abin da ya yi baƙi sosai shi ne tukunyar, da hannayensa har gwiwa, da goshinsa inda ya riƙa share gumi.

Daga rumfata na jiyo dawowar Entin, ga gida uku a tsakaninmu.

"Tukunyar uwata, Oding! Tukunyar da aka dafa shinkafar aurenmu a ciki!"

"Haba Entin, in Haji ya biya zan saya miki biyu."

"Ka sayo uku, ɗaya a dafa kanka a ciki ko zai nuna!"

"Mata dai ba ku san harkar ƙarfe ba."

"Na san harkar tukunya! Dubi fuskarka, ko ragon naka ba zai gane ka ba."

Can sai ga ta a rumfata, ta zauna ta ce in ba ta kofi mai zafi. Na tambaye ta ko za ta je filin ranar biki. Ta ce da kayan salla ma kuwa. "Shekara nawa ina cin shinkafa da barkono, rago na cin ƙwai. Ina so in ga tafiyarsa da idona." Amma da ta gama kofin sai ta ce a hankali, "Ceu, in aka tafi da ragon nan mutumin nan zai kwanta ciwo." Na san gaskiya ta faɗa, kuma daga ranar dariyata ta ɗan ragu.

Na gwada yi masa magana. Na ce ya kira Haji ya ba shi haƙuri tun dare bai yi masa ba. Ya ce in tanadi ayaba da yawa, don bayan biki layin masu son bindigar Oding zai kai har rumfata.

Ranar biki aka cika filin da ke gefen tafkin kifin masallaci. Na kai teburina can. Yara sun gama hawan sandar da aka shafe da mai, an gama tseren buhu, sai mai shela ya ɗauki lasifika ya ce yanzu ga abin da kowa ya zo gani. Aka rataye kwakwa a jikin gora. A hagu da ita, can nesa, teburin kyaututtuka ne, da butoci da tukwane a jere. A dama kuma aka ɗaure Jagur a turke, ya sha wanka, ƙahonsa na ƙyalli, ƙararrawa a wuya. Entin na gaba-gaba cikin kayan salla kamar yadda ta yi alkawari. Abah Wiranta ya sa an kawo masa kujera.

Oding ya shigo da bindigar naɗe a cikin zane, kyanwoyi huɗu na biye da shi. Ya tsaya a tsakiya ya yi jawabi. Ya ce yau ranar 'yanci ce biyu, na ƙasa da na masu sayen bindiga. Sannan ya yaye zanen.

Aka yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da ake yi in an ga jaririn da ba a san me za a yaba a jikinsa ba.

"Launi uku gare ta," in ji wani daga baya.

"Sabon yayi ne," in ji Oding.

Haji Sobur ya karɓa, ya sunsuna. "Kifi nake ji."

"Man katako ne na musamman, ranka ya daɗe."

Haji ya yi bisimilla, ya ɗaga bindigar ya ɗora ta a kafaɗarsa ta hagu. Tudun jingina kunci ya koma waje yana kallon jama'a, tsagaggen gefen kuma ya kama masa gemu.

"A'a, ranka ya daɗe, ɗaya kafaɗar," in ji Oding.

"Wace ɗaya? Ni bahago ne."

"Bahago? Amma da dama ka sha kofi! Da dama muka gaisa!"

"Da hagu kake so in sha, kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba? Uwata ta sha dukan hannun nan kafin in koyi ci da dama. Amma harbi da hagu nake yi tun ina yaro."

Filin ya ɗauka da dariya. Abah ya ɗaga sandarsa sama yana kaɗa ta, haƙoran nan uku dai suna waje.

Haji ya ɓamɓare gemunsa, ya daure ya auna kwakwar a haka, ya ja kunama. Bindigar ta yi wani dogon tsaki, ƙwayar darmar ta gangaro ta faɗi kusa da takalminsa. Wata kyanwa ta je ta sunsuna ta.

"Ɗaya," in ji mai shela.

"Iska ce ba ta isa ba!" Oding ya fizge bindigar ya hau famfo, yana yi yana nishi har jijiyar wuyansa ta fito. Ya mayar wa Haji. Masu hankali suka fara ja da baya.

Haji ya sake aunawa. Wannan karon ta yi ƙara da gaske. Kwakwa ko motsi ba ta yi ba, amma can hagu a teburin kyaututtuka wata sabuwar buta ta ce ƙwal, ta yi tsalle ta faɗi ƙasa. Matar mai unguwa da ke tsaron teburin ta shige ƙarƙashinsa.

"Biyu," in ji mai shela, daga bayan bishiya.

"Kun ga ƙarfi?" Oding ya juya yana kallon jama'a. "Wace bindigar miliyan huɗu ce ta taɓa kayar da buta daga nan?"

"Kwakwa muka ce, ba buta ba," in ji Haji. "Karɓi abarka. Na ukun kai za ka yi, ina da iyali."

Oding ya karɓa. A nan na ga ya saci kallon Jagur. Amma bakin nan nasa ba ya barin sa. Ya ce matsalar ƙarama ce, bututun ya ɗan yi hagu, gyaran minti ɗaya ne ga wanda ya san aiki. Ya dafa shi a gwiwa, ya danna da ƙarfi. Mang Ukar ya rufe fuska da hularsa.

"Yanzu ta miƙe."

Jama'ar da ke hagu suka koma dama, suka tuna an gyara, suka dawo baya gaba ɗaya. Oding ya buga famfo, ya ɗora ta a kafaɗa, ya rufe ido, ya buɗe, ya canza, ya ja.

Ƙararrawar wuyan Jagur ta ce ƙal.

Ko ƙwarzane ragon bai yi ba, amma an ci masa mutunci a gaban jama'a. Ya ɗaga kai a hankali ya dubi inda abin ya fito. Ya ja da baya, ya fizga, turken ya tumɓuke.

"Jagur," in ji Oding. "Jagur, ni ne fa. Ɗan albarka, ni ne, babanka."

Entin ta faɗa tun farko, baƙin goshin nan bai gama fita ba, ga kuma warin kifi. Ragon ya sunkuyar da kai. Oding ya juya ya zura da gudu, bindiga a hannu, rago a baya yana jan turke, kyanwoyi a bayan rago. Suka zagaya teburin kyaututtuka, suka zagaya nawa, na ɗauke butar kofina sama. A bakin tafki Oding ya tsaya don ba sauran ƙasa, ya waiwayo zai yi lallashi. Jagur ya same shi daidai inda ake zama.

Ruwan ya tashi har ya jiƙa liman. Da Oding ya ɗago kai, ganye a kansa, bututun ne kawai a hannunsa. Ƙotar ta rabu da shi tana yawo a saman ruwa, kifaye na bin ta suna tsattsaga.

"Uku," in ji mai shela.

Haji Sobur ya kama igiyar ragon, wanda yanzu ya huce yana cin ciyawa kamar ba shi ba. Ya ja shi har gaban kujerar Abah.

"Abah, nawa ka ce?"

"Miliyan huɗu. Wata uku."

"Ba ragi?"

"Ga mai ragi can a cikin ruwa."

Haji ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce motarsa ba ta ɗaukar rago, matarsa kuma ba za ta yarda da dabbar da ta fi ta cin ƙwai ba. Suka daidaita a nan take, Abah ya karɓi Jagur a cikin kuɗin aikin. Oding na tsaye a cikin tafki ruwa iya ƙugu, yana kallo aka wuce da ragonsa, ƙararrawar na kaɗawa. Bai ce uffan ba, kuma tun da na san shi ranar ce ta farko. Entin da ta zo kallon tafiyar rago ita ce ta tattare kayan sallarta ta shiga ruwa ta jawo shi.

Da safe na kai wa Abah kofinsa gida, don ciwon ƙafarsa ya motsa saboda zaman fili. Na tarar da Oding tsugune a gaban ragon, da ƙwai a hannu ɗaya da 'yar kwalbar zuma a ɗayan. Idonsa ya yi ja. Gaskiya ya ba ni tausayi ƙwarai.

"Abah," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ka sayar mini da shi."

"Ni ban san kuɗin rago ba, ƙarfe na sani. Kai ka yi kiwonsa, kai za ka faɗi abin da ya dace."

Na so in taka masa ƙafa, amma ya yi mini nisa. Oding ya miƙe, ƙirjin nan ya fara dawowa.

"Wannan ragon? Abah, in ka kai shi kasuwa nama da ƙaho kawai za su gani. Ba za su ga ƙwan da ya ci ba. Ba za su ga wankan ba. Ƙahon nan da kake gani, tun yana ɗan tsiro nake shafa shi kullum har ya naɗe haka. Da ya yi zawo, wa ya zauna da shi? Ciyawar ma ba kowace nake yanko masa ba, sai na hau tudu. Wahalar da ba a gani ita ce ragon! Duk wanda ya ce ƙasa da miliyan shida ya zage ni."

"Ka yi gaskiya," in ji Abah. "Na yarda. Kawo shidan."

Oding ya dubi ƙwan da ke hannunsa. Ya dube ni, na dubi kofina.

"Abah... a yi mini rabi mana. Mu na gida ne."

"Rabi? Ba komai, ɗana." Abah ya juya ya ƙwala wa matarsa kira ta miƙo masa babbar wuƙa. Sannan ya dafa bayan Jagur ya dubi Oding. "Gaba kake so ko baya?"

Yanzu haka Oding na gidan Abah, zaune a kan ɗan kututture yana gugar ƙota, a bakin aikin zai fanshi ragonsa. Ƙotar Haji ya fara da ita, ta bahago, kuma sau uku Abah na mayar masa da ita. Jagur na ɗaure a gefensa, ciyawa zalla yake ci, ya ma fi da ƙiba. In baƙo ya kuskura ya nemi ragi, daga rumfata nake jiyo muryar Oding yana tambayarsa ko ya taɓa miƙe bututu a rayuwarsa.

Ayabata ce dai har yau yake cewa in bar masa a rabin kuɗi. Ba na ce masa a'a. Wadda ta ƙone nake zaɓar masa.